Ranar da sabulu da gishiri suka ɓace daga kanti: bayani kan rububin saye da ƙarancin kayan masarufi

Iyalan da ke zaune a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Chadakori sun san yadda abin yake zuwa. Da safe a ji an ce za a rufe iyaka, ko an ce shinkafa za ta yanke, ko an ce rabon wata mai zuwa babu shi. Kafin azahar mata sun cika bakin kanti, kowa da bokiti ko buhu. Kafin la'asar mai kanti ya ce sabulu ya ƙare, gishiri saura kaɗan, man girki kuma ba a kuɗin jiya zai sayar ba. Wadda ta je ɗibar ruwa ko ta kai yaro likita ta dawo ta tarar babu komai. A wannan fitowa muna so mu yi bayanin abin da ke haddasa haka, yadda za a gane ƙarancin gaske da wanda tsoro ya haifar, da abin da gida zai yi don kada ya yi asara.

Ba ma ganin laifin wanda ya tsorata. Yawancin masu karanta wannan takarda sun baro Sabon Birni, Isa, Zurmi, Jibiya da ƙauyukan da ke kewaye da su tun daga 2019, wasu da dare, rumbu cike da hatsi a bayansu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Uwar da ta taɓa kwana da yara babu abin sa wa a tukunya, in ta ji an ce abinci zai yanke, ba za ta tsaya dogon tunani ba. Amma gudun da kowa ya yi a lokaci ɗaya shi kansa yana kawo abin da ake gudu, kuma nan ne muke so mu tsaya.

Yadda kanti yake ƙarewa alhali kaya ba su yanke ba

Mai kanti a ƙauye ba shi da babban sito. Jarinsa kaɗan ne, yana saro abin da ya san zai sayar kafin kasuwa ta zagayo, ya ɗan ƙara kaɗan a kai. Mu ɗauki misali. A ce unguwa tana da gida 200, kowane gida yana sayen sabulu ɗaya a mako. Masu kanti uku da ke unguwar, in an haɗa abin da ke hannunsu, suna da sabulu 300. Wannan ya ishi kowa har da rara. Sai labari ya zo cewa sabulu zai yi wuya. Gida 60 da suke da kuɗi a hannu ranar suka saya biyar-biyar. Sabulu 300 ya tafi ke nan da hantsi ɗaya, gida 140 ba su samu ko ɗaya ba. Babu motar da ta fasa zuwa, babu masana'antar da ta rufe. Sabulun yana nan cikin unguwa, ya tashi ne daga kanti ya koma ƙarƙashin gado.

Abin bai tsaya nan ba. Wanda da farko bai yarda da labarin ba, da ya ga kanta wayam sai ya ce ashe gaskiya ne, gani ya kori ji. Ya hau babur ya tafi ƙauyen gaba ya saye nasu, ya kai musu tsoron. Masu kanti kuma kowa ya kira dillalinsa a Maraɗi ya ce a ninka masa kaya sau uku. Babban ɗan kasuwa da ya ga kira ya yi yawa daga ko'ina, sai ya ƙara kuɗi, ko ya riƙe kayan ya jira gobe. Bayan mako biyu ko uku kaya su cika kanti, masu saye su ragu, don waɗancan gida 60 suna da na mako biyar a ɗaki. Farashi ya sauko. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya sayar ranar tsada. Wanda ya yi asara shi ne wanda ya ci bashi ya saya ranar, da wadda ta yi kwanaki tana wanke yara da ruwa zalla.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: ranar da aka raba kuɗin tallafi. Gidaje da yawa suna samun kuɗi a yini ɗaya, kowa ya nufi kasuwa ɗaya. 'Yan kasuwa sun san ranar kamar yadda kuka san ta. Gidan da zai iya haƙuri na kwana uku ko huɗu, ya sayi na buƙatar yau kawai ya bar sauran, sau da yawa yakan samu tiya da sauƙi fiye da wanda ya kashe duka a ranar farko.

Ba halin talaka ba ne, ba na ɗan gudun hijira ba

A watan Maris na 2020, da cutar korona ta bazu, mutanen Ostireliya, Ingila da Amurka sun yi rububin takardar shiga bayi har aka yi dambe a cikin manyan kantuna. Mai buta zai yi dariya, amma su abin ya dame su. Ostireliya ita ke yin mafi yawan takardar da take amfani da ita, masana'antu ba su tsaya ba, duk da haka kantuna suka zama wayam, sai da aka ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya.

A Maris na 2011, bayan girgizar ƙasa ta lalata tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, jita-jita ta bazu a ƙasar Sin cewa gishiri yana kare mutum daga gubar nukiliya, kuma gishirin teku zai gurɓata. Cikin kwana biyu zuwa uku gishiri ya ƙare a kantunan birane da yawa. Jaridu sun ba da labarin wani mutum a birnin Wuhan da ya sayi tan shida da rabi. Da ƙura ta lafa farashi ya koma yadda yake, shi kuwa ya rasa inda zai kai gishirinsa.

Na kusa da mu kuwa, da yawanku kun tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, daren da aka riƙa tashin mutane a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An wawashe gishiri, aƙalla mutum biyu suka mutu a Najeriya saboda shan ruwan gishiri da yawa, wasu aka kwantar a asibiti. Gishiri ba ya maganin Ebola. Wanda ya tura saƙon ga 'yan uwansa don ƙauna ya tura.

Amma akwai ƙarancin gaske

Ba kowane ƙaranci ne jita-jita ba, kuma ba za mu ce muku haka ba. Nijar ba ta da teku. Shinkafar waje, man girki, sukari, madarar gari da magunguna da yawa daga tashar jiragen ruwa suke hawowa a manyan motoci, ɗaruruwan kilomita. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi ranar 30 ga Yuli, aka rufe iyakokin Najeriya da Benin. Motocin da suka taso daga Kwatano suka yi dogon layi a Malanbil ba su ƙetare gada zuwa Gaya ba. Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar lantarkinta, ta yanke wuta. Kwana goma kafin takunkumin, ranar 20 ga Yuli, Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba, ita kuwa Indiya ce ke sayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na shinkafar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe. Abubuwan suka haɗu. Kayan da suka biyo ta Lome da Burkina Faso sun daɗe a hanya, kuɗin mota ya ƙaru, duk aka ɗora a kan buhu. Wannan tsadar ba ta kwana uku ba ce. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya da Nijar ta buɗe a watan Maris na shekarar.

Haka batun fetur. Da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, man 'yan ruwa-ruwa da Maraɗi ta daɗe tana dogaro da shi ya yi tsada ya kuma ragu. Jama'a suka koma gidajen mai, matatar Zinder ita kaɗai ba ta iya ɗaukar nauyin kowa, har aka yi dogayen layuka a Maris na 2025. In mai ya yi wuya, kuɗin niƙa da kuɗin kabu-kabu da kuɗin kawo kaya kasuwa duk sai su tashi.

Sai tsadar da ke zuwa kowace shekara ba tare da wani ya rufe iyaka ba. Hatsi yana araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Yana hawa a bazara, ya kai ƙololuwa tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Sukari da mai kan motsa gab da azumi. Manoman cikinku sun fi mu sanin wannan. Abin da ya sauya shi ne a da kuna da rumbu, yanzu awo kuke yi.

Na uku shi ne ɓoye kaya. Wani lokaci kayan suna nan, mai su ne ya kulle yana jiran su ƙara kuɗi. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar kuma suka musanta. Ko a ƙaramar kasuwa ana samun irinsa: a ce babu a gaban kanti, a sayar ta baya da tsada. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan wannan. Sai dai kada a yi wa kowa kuɗin goro. Ƙaramin mai tebur da ya ƙara dala biyu don shi ma da tsada ya saro, ba shi ne ya ɓoye abinci ba, kuma in aka far masa gobe ba zai kawo kaya ba.

Yaya za a gane wanne ne?

Ƙarancin tsoro yakan faɗo kan abu ɗaya ko biyu, farat ɗaya, bayan wani labari. Ƙarancin gaske yakan zo a hankali, ya taɓa kaya da yawa da suke biyo hanya ɗaya, kuma za a ji tsadar a Maraɗi da Gidan Rumji da Madarumfa baki ɗaya. Direbobi da masu lodi a tasha sun fi saƙon waya sanin ko motoci na shigowa. Ku tambaye su. Ku saurari rediyo. In saƙon murya ne na WhatsApp, ku lura: wa ya yi magana, a wane gari, yaushe? Saƙon da babu suna, babu rana, ya kuma ƙare da "a tura wa kowa", sau da yawa tsoho ne ake sake yaɗawa. Mun sha jin saƙon rufe iyaka na shekarun baya ya dawo kamar sabo.

Game da rabon agaji kuwa, gaskiya ne kuɗin da ƙasashe ke ba hukumomin agaji ya ragu sosai a 2025, an kuma rage tallafi a wurare da dama na duniya. Idan za a yi jinkiri ko ragi a nan, ta allon sanarwa da bakin shugabannin kwamitinku za ku ji, ba ta bakin mai son sayen katinku ba. Duk wanda ya ce muku rabo ya ƙare, ku sayar masa da kati tun yana da daraja, ku kawo mana labarinsa.

Tanadi daban, rububi daban

Ba mu ce kada a yi tanadi ba. Gidan da ke da hali ya ajiye na mako biyu ya yi dabara, muddin a hankali ya tara, tiya ɗaya yau, rabin tiya jibi, lokacin da kasuwa ke kwance. Wanda ya samu kuɗi da kaka, daga aikin gona ko sana'a, lokacin ne na sayen gero da wake. Buhun gero mai kilo 100 yana ba da tiya wajen 40. Gida huɗu ko biyar in suka yi karo-karo suka sayi buhu suka raba, sun fi mai awon tiya-tiya samun sauƙi, kuma mutum ɗaya ne zai biya kuɗin mota. Matan da ke adashe sun riga sun san yadda ake riƙe irin wannan amana.

Yana da kyau kowane gida ya san ainihin abin da yake ci a wata, don tsoro yakan ninka lissafi. Ma'aunin da hukumomin agaji ke aiki da shi na sabulu shi ne giram 250 na wanka da giram 200 na wanki ga mutum ɗaya a wata. Gida mai mutum shida ke nan kilo ɗaya da rabi na wanka, kilo ɗaya da giram 200 na wanki. Gishiri kuwa, likitoci sun ce babba kada ya wuce giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi. Kilo ɗaya ya ishi gidan mutum shida wata guda. Wanda ya sayi rabin buhu ya sayi na shekaru, ga shi sinadarin aidin da ke cikinsa, mai hana maƙoƙo da taimakon ƙwaƙwalwar yara, yana raguwa in gishirin ya sha iska da laima.

Nan ne inda tarin kaya ke cin mai shi. Ɗakunanmu ba rumbuna ba ne. Gero busasshe yana jurewa, amma gari ba ya daɗewa, sai ya yi tsutsa ko ɗaci. Wake in ba a rufe shi da kyau ba ƙwari sukan huda shi cikin wata biyu zuwa uku, sai dai a sa shi a buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, ko jarka busasshiya a cika ta a toshe bakin sosai yadda iska ba za ta shiga ba. Gyaɗa da masara in suka sha laima suna yin fumfuna mai guba da ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe gubar. Man girki in ya daɗe a zafi yana yin wari. Buhu a ɗora shi kan katako ko duwatsu, a janye shi daga bango, saboda gara da ɓera da ruwa. Daminar 2024 ta nuna mana haka: jihar Maraɗi tana cikin inda ambaliya ta fi yi wa ɓarna, gidaje da yawa abincin da suka tara ya jiƙe a dare ɗaya.

Abu biyu muke roƙo da babbar murya. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana ko kusa da murhu, ko da jarka ɗaya ce. Tururinsa kaɗai yana kama wuta, ɗakunan kuma a jere suke, gobarar gida ɗaya ta unguwa ce. Kada kuma a sa ƙwayar maganin ƙwari ta hatsi, wadda ake ce wa bom, a ɗakin da mutane ke kwana. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum, yara ne kuma suke fara tafiya. Haka magani: tara ƙwayoyi daga hannun masu talla don gudun kada su yanke ba tanadi ba ne. Zafi yana lalata su, wasu jabu ne tun asali. Mai ciwon suga ko hawan jini ko wanda ke kan maganin da ba a fashi, ya je wurin ma'aikatan lafiya tun saura kwanaki maganinsa ya ƙare.

Idan abu ya yi tsada, a duba madadinsa kafin a bi shi da gudu. Shinkafa ta hau, akwai dawa da masara da gero. Magi ya yi wuya, daddawa tana nan. Sabulun kanti ya ɓace, akwai sabulun salo da na matan da suka koyi haɗawa a nan. In babu ko ɗaya, a wanke hannu da toka mai tsabta da ruwa, ya fi a bari, musamman bayan bayi da kafin ba yaro abinci.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne a sayar da abin da ke kawo kuɗi don a sayi abin da zai ƙare. Akuya, keken ɗinki, kura ta ruwa, wayar da ake karɓar kuɗi da ita: in suka tafi ranar firgici da rabin kuɗinsu suke tafiya, kuma ba sa dawowa. An gudu daga gara an faɗa wa zago. Haka bashi mai ruwa, haka jinginar da katin rabo. Gida ya bar ɗan kuɗi a hannu, don buhun shinkafa ba ya biyan kuɗin mota in naƙuda ta zo da dare. Abincin tamowa na yara kuma magani ne na yaron da aka rubuta wa, ba na sayarwa ba ne ko da an taya shi da tsada.

Turmutsitsi

A Fabrairun 2020, a garin Diffa, dubban mutane suka taru wurin rabon abinci da kuɗi ga 'yan gudun hijira. Aka yi turereniya a bakin ƙofa, aƙalla mutum 20 suka rasu, mata da yara ne. A Fabrairun 2024 an rasa rayuka a Legas wurin sayar da shinkafa mai rahusa da hukumar kwastan ta yi. Duk inda aka ce kaya kaɗan ne, mutane da yawa, ƙofa ɗaya, akwai haɗari. Kada a je da goyo ko ƙananan yara cikin irin wannan taro, kada a aiki yaro shi kaɗai. In kun ji an fara matsa ku ta gaba da ta baya, ku zame ta gefe tun da sauran hanya. A wurin rabonmu sunan da ke cikin rajista ba ya gogewa don mai shi ya zo a makare, kuma tsofaffi, masu ciki da naƙasassu su ake fara sallama.

Kasuwar nan kuma ba tamu ba ce mu kaɗai. Mutanen garuruwan da suka karɓe ku, rijiya ɗaya kuke sha, kanti ɗaya kuke saye, su ma awo suke yi a bazara. Idan kaya suka ƙare ranar rabon kuɗi, magana takan tashi cewa baƙi ne suka kawo tsada, ko da ba haka ba ne. Shi ya sa muke roƙon shugabannin unguwa da masu kanti, na gari da na cikinku, su yi shawara tun kafin rana ta ɓaci: in abu ya yi kaɗan a ƙayyade, sabulu biyu ko lita ɗaya ga kowane gida, a kuma ware wa tsofaffi da marasa lafiya da ba sa iya fitowa. Mai kanti ba ya asara a haka, kayansa duk za su ƙare, abokan cinikinsa kuma ba za su ƙullace shi ba.

Wanda ya ga ana ɓoye kaya, ko ana rage tiya, ko ana sayar da kayan agaji, ya faɗa wa kwamitin unguwarsa ko ya zo teburin koke-koke. Wadda wani ya nemi lalata da ita ko da 'yarta don ya ba ta kaya ko bashi, ko mai kanti ne ko ma'aikaci, ta sami ma'aikaciyar kare mata da yara, za a saurare ta a keɓe ba tare da an bayyana sunanta ba. Agaji kyauta ne, ba a biyan ko dala. Waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu wannan shafi.